Amsa kan kakanninmu: shekararsu ba ta da watan zama

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka, inda kake cewa wai da gaske ne kakanninmu sun fi mu aiki da juriya ko dai halin manya ne kawai su yi ta yabon zamanin da don su ƙure yara, kuma ka ce duk wanda ya tarar da kakansa da rai ya ba da labari. Toh ni na tarar da nawa duka biyu, na wajen uba a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, na wajen uwa a Ngaundere, kuma na zauna da su da wayona. Wani abin da idona na gani, wani daga bakinsu na ji.

Gaskiya ne sun fi mu, amma ba don ƙashinsu daban ne da namu ba. Abin da na lura da shi shi ne shekararsu ba ta da watan zama. Mu yanzu mutum sana'a ɗaya gare shi, in ta tsaya shi ma ya tsaya, sai majalisa da shayi ana jiran gari ya gyaru. Su kuwa kafin mutum ya wanke hannu daga wannan aiki wancan ya riga ya iso bakin ƙofa.

Ka ɗauki kakana na wajen uba, Malam muke ce masa har mu jikoki, Allah ya jiƙansa. Tun kafin ruwa ya sauka an yi sassabe an kai taki gona da jaki a mangala, ruwan farko na zuba a fita da sungumi a shuka dawa da gero da gyaɗa, sai noman farko, sai maimai, duk da hauya da ƙarfin gadon baya, ba shanun huɗa ba balle tarakta ko maganin ciyawa da muke fesawa yanzu. Gandu ne, kowa na gidan sai ya fita daga hantsi har azahar, in an tashi sannan matasa su wuce gayaunarsu su yi wa kansu aiki da yamma. In gona ta fi ƙarfin gida a kira gayya, a dama fura a yi tuwo, mutanen unguwa su zo su share ta rana ɗaya, gobe kai ma ka je ta wani.

Ana tsakiyar damina kuma sai ga jirage. Yaran yanzu da yawa ba su san cewa Garwa tashar jirgin ruwa ce sosai a da ba. In Binuwai ta cika wajen Agusta da Satumba jiragen kamfanonin Turawa suke haurowa daga Najeriya, ta Lakwaja da Makurɗi da Yola har nan, su sauke gishiri da kananzir da siminti da yadi, su ɗebi gyaɗa da auduga da fatu. Kuma ruwan ba ya jiran kowa, 'yan watanni ne ya janye, don haka dare da rana ake dako. Malam ya ce da safe yana gona, da yamma ya naɗa gammo ya nufi bakin kogi, buhu a ka, a kan katako guda ake hawa a sauka, wanda ƙafarsa ta zame sai dai Allah. Da kuɗin dakon nan yake biyan haraji ba tare da ya taɓa rumbu ba. Daga baya harkar ta mutu a hankali, yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da jirage, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 kaya suka koma bin kudu, sannan aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin a 1982.

Wanda na fi gani da idona shi ne aikin masakwa, dawar nan da ake dasawa bayan damina, wadda Fulani ke ce wa muskuwari, kuma wallahi duk wanda ya taɓa dasa ta ba zai yi musu kan ƙarfin halin mutanen da ba. Lokacin da kowa ke murna damina ta zo ƙarshe, a lokacin mai masakwa yake fara nasa. An riga an yi irinta a wani ɗan fili, sai a shiga karal, ƙasar nan mai yumɓu da ruwa ya kwanta a kai ya janye, a sare ciyawa mai tsawon mutum a bari ta bushe a sa wuta. Sannan a ɗauko ƙaton sanda mai nauyi mai tsini, a ɗaga a caka a ƙasa a yi rami, wani na biye da tulu yana zuba ruwa, wani na sa dashe, haka rami bayan rami har gona ta ƙare, a cikin ranar nan ta Oktoba da ku 'yan Garwa da Marwa kun san ta. Ruwan ma daga nesa ake ɗebo shi a ka. Daga nan ba ruwan sama ko ɗigo, da laimar ƙasa za ta rayu har a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu, kafin nan kuma sai gadin tsuntsu da shanun makiyaya. Ni aikina a lokacin zuba ruwa ne, kuma na kan koma gida hannuna na rawa, shi kuwa tsoho da furfurarsa shi ke riƙe da sandan tun safe, in na zauna sai ya ce "kai abokina, haka za ka ƙwace min matar tawa?" irin wasan jika da kaka, in tashi dole.

Amfanin wahalar nan na gan shi a farin 1984. Damina ta ƙi, hatsi ya yi tsada, gidaje da yawa suka koma cin abinci sau ɗaya, mu kuwa ba mu kwana da yunwa ba domin Malam ba ya yarda a buɗe rumbun bana sai na bara ya ƙare, kuma ba ya sayar da hatsi don biki ko sabon kaya ko da za a yi fushi da shi. A shekarar nan da daddare yake sa a auna dawa a kai gidajen maƙwabta, da daddare fa, don kada mai gida ya ji kunya a gaban iyalinsa.

Da rani kuwa, a ƙuruciyarsa, fatauci yake tafiya. Su haɗu ayari ƙarƙashin madugu, su ɗora wa jakuna kanwa da kayan dukawa da tufafi, su yi kudu ta Banyo har ƙasar Banso da Bamenda inda goro yake, su juyo da huhun goro. A ƙasa fa, ga duwatsu ga rafuka ga sanyin da ɗan Garwa bai saba da shi ba. Kuma goro ba kaya ne da za ka ɗaure ka manta ba, duk 'yan kwanaki sai an sauke a zango an kwance huhu, a tsince mai sankara, a sake ganye a yayyafa ruwa a ɗaure, in ka yi lalaci sau ɗaya jarinka ya tafi. Abin da ya fi ba ni mamaki yanzu da nake kasuwa shi ne yawancin cinikin nan bashi ne da baki. Mai masauki zai ba ka kaya ba takarda ba sa hannu, sai baɗi in ka dawo ka biya, in ka mutu ɗanka ko ƙaninka ya ɗauko kuɗin ya kai. Malam ya ce shi da kansa ya taɓa kai bashin yayansa bayan rasuwarsa, mai kuɗin ma ya riga ya yafe amma ya ce sai an karɓa.

Da daddare ma hannunsa ba ya zama. Bayan isha'i yara na karatu a gaban wutar kara, shi yana biya musu allo yana tufka igiyar rama ko ɗinkin hula.

Na wajen uwa shi mahauci ne a Ngaundere, labarinsa gajere ne domin ba mai yawan magana ba ne. Kafin kiran asalatu ya tafi mahauta, da hantsi yana kasuwa, da rana yana fere nama fale-fale yana shanya a kan gadon kara, a tsoma a labu a sake shanyawa a gasa, kilishin nan da matafiya ke saye tsaraba su kai Yawunde da Duwala. Yatsunsa duk tabon wuƙa ne. Da sana'ar nan ya aurar da 'ya'yansa da na ƙannensa, kuma bai taɓa ɓoye cewa shi mahauci ne ba ko a gaban wa. Wansa kuma a ƙasa ya tafi Makka, ta Kuseri ya haye Fort Lamy, wadda aka mayar Njamena a 1973, ya bi ta Abeche ya shiga Sudan, yana tafiya yana tsayawa yana ƙwadago, har tsinkar auduga ya yi a gonakin Jazira kafin ya tara kuɗin jirgin da zai tsallaka da shi Jidda. Shekaru ya yi kafin ya dawo, da yawa daga abokan tafiyarsa can suka zauna, jikokinsu ne Hausawan Sudan da kuke ji.

Kuma don Allah in ana maganar kakanni a daina mantawa da mata. Kakata ta wajen uba kafin mazan su fita gona ta riga ta yi surfe ta yi daka, ta kai abinci gona da rana, ta dawo ta soya gyaɗa ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli, da dare ta ɗauki mazari tana kaɗi. Da kuɗin nan da adashi ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, ba ta jira mai gida ba.

Ban ce zamaninsu daɗi ne ba, ƙanina, kada ka fahimce ni haka. Sun ga aikin tilas na lokacin Faransa, wanda sai 1946 aka soke shi, a kwashi mutane a kai su gyaran hanya ba ko dala. Sun binne 'ya'ya da yawa saboda ƙyanda da sanƙarau, kuma Malam da ciwon baya da na gwiwa ya ƙare rayuwarsa. Sannan ban yarda da masu cewa duk yaran yanzu ragwaye ne ba, yaron da ke kan kilando, wato mashin ɗin haya, tun safe har dare a zafin Afrilu na Garwa, ko mai tura ruwa a baro, ba wanda zai ce masa rago. Gonaki sun zama filoti, gida ɗaya da ke da gandu yanzu magada sun kai talatin, tun da aka karya darajar sefa a 1994 kuɗi ba sa auki kamar da, duk wannan gaskiya ne.

Inda nake ganin sun bar mu da nisa shi ne ba su raina sana'a ba, kuma ba su bar yaro ya girma hannunsa bai iya komai ba. Malam malami ne da almajirai, amma ya ɗauki buhu a ka a bakin kogi mutane na gani bai ji an rage masa daraja ba. Mu kuwa yaro na gama lakwal, wato makarantar boko, sai ya ga ya fi ƙarfin hauya da wuƙar fawa, ya zauna shekara da shekaru yana jiran aikin ofis, mu iyaye kuma muna taya shi. Ni dai nawa duk hutu ina raba su, ɗaya shagon tela, ɗaya wajen kawunsa mai gyaran mashin, in lokacin dashe ya zo kuma dukkansu gona.

'Yan uwa na Marwa da ke cikinmu, ku ne ya kamata ku ba shi labarin majema da dukawa, don kakanninku ne suka riƙe wannan, na Cadi kuma su faɗa masa yadda ake sarar kanwa da banda kifi a bakin tafki. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kai haske kabarinsu.