Inda Nauyin Konsatina Ya Kamata Ya Sauka

Yarona, ka tambaye ni me za ka yi wa makaɗin da ya kawo konsatinarsa, abin kiɗan nan mai zugazugi a tsakiya da maɓallai a gefe biyu, yana kukan ciwon babban yatsa, yana so a sa masa igiyar ratayawa a wuya. Kada ka yi saurin ɗaukar sukundireba. Fara duba wace iri ce a hannunsa.

Ta Ingila, wadda Charles Wheatstone ya yi wa rajista a Landan a 1844, ba ta da abin riƙo sai madauki na babban yatsa a kowane gefe, da ɗan ƙarfen da ƙaramin yatsa ke dafawa a ƙasa. Yatsu huɗun nan ne ke ɗauke da fiye da kilo guda, sauran shida suna bin maɓallai 48. Shi ya sa masu ita suka fi kuka. Wadda ake kira Anglo kuwa maɗaurin fata ne ya ratsa bayan hannu, wahalarta da sauƙi. Sau da yawa ma laifin na madaukin ne: ya saki, yatsa na ta maƙalewa don kada ya suɓuce. Matse shi tukuna, ka ba shi ya gwada.

In a zaune yake kiɗa, ba ya bukatar igiya ko kaɗan. Ya ɗora katakon gefe ɗaya a kan cinya, ɗaya gefen ya bar shi yana kai da kawo, kamar yadda makaɗan Ayalan suke yi. Katakon na ce, ba zugazugin ba. Wanda ke goga zugazugi a gwiwa, kusurwoyin fatar na ƙasa ne za su fara cinyewa, daga nan iska ta soma yoyo. In wandonsa na da santsi, ya shimfiɗa ƙyallen fata mai laushi.

Mai kiɗa a tsaye shi ne na igiya, kuma a nan ake ɓata kaya. Kada ka huda katakon fuska mai zanen ɓula-ɓula, siriri ne, tsagewa zai yi. Kowane gefe sukuru shida ne ke riƙe shi da bakin zugazugi. Yanko 'yar farantin tagulla mai kaurin milimita ɗaya, ka huda ta, ka sa mata zobe, ka kwantar da ita ƙarƙashin kan sukurun da ke sama. Duba cewa sukurun yana kama zarensa, wato tsagin ramin da yake murɗuwa a ciki, sosai, tun da farantin ta ci masa tsawo. A tsohuwar konsatina kowane sukuru ya koma raminsa, kada ka musanya su. Ɗaure har ya zauna, ka tsaya; ƙarin murɗa ɗaya na iya cinye zaren.

Sai ka ɗaura igiyar a zoben kowane gefe, ka rataya konsatinar ka saki hannu. In ta kife gaba ko baya, zoben bai hau saman tsakiyar nauyinta ba, matsar da shi zuwa sukuru na kusa.

Abin da mutane ba sa lura da shi: ƙafafun igiyar biyu a wuya suke haɗuwa, don haka kullum suna jan gefunan zuwa ciki. Turawa ta yi sauƙi, buɗewa ta yi nauyi, sauti ya ƙi daidaita. Gajeriyar igiya ta fi yin wannan ɓarna. Tsawaita ta har konsatinar ta sauko wajen cibiya, gwiwar hannu ta lanƙwashe daidai. Wajen wuya a yi shi da faɗin santimita huɗu, siririyar igiya yanka take. Mai ciwon wuya, yi masa wadda ke gicciyewa a baya, nauyin ya sauka a kafaɗu. Ni dai a manyan konsatina na fi son maɗaurin wuyan hannu, don ba ya hana zugazugi buɗewa.

Kafin ka miƙa masa, riƙe gefe ɗaya ka bar ɗayan ya sauka da nauyin kansa, ba tare da ka taɓa maɓalli ba. In ya sauka a hankali, lafiya. In ya zube da sauri, iska na yoyo, koma kan sukurun da ka kwance.