Kafin ka kai kuɗin adashinka kasuwar kwamfuta

Wani matashi mai shagon buga takardu a Gujungu, ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Ina buga takardu da fotokwafi, da wata tsohuwar kwamfutar hannu da na saya shekara huɗu da suka wuce. Haskenta na sa idona ruwa, sai na kai girman rubutu 16 nake iya karantawa. In na buga Hausa a Word duk shafin ya cika da jan layi, ƙ da ɗ kuma wani lokaci su fito kamar akwati. Akwai ranar da aka kai aikina wata kwamfutar, sai aka ga }asa maimakon ƙasa. Takarda kuma kullum sai ta bar fili a ƙasa. Na kwashi adashi naira 250,000, abokina ya ce in je Kano in sayo wata, duk wannan zai wuce. In saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ka saya, aƙalla ba yanzu ba. Na bi abubuwan da ka lissafa ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda tsufan kwamfuta ya jawo ba. Duk saiti ne. In ka ɗauko sabuwa fil daga kwali, haka za ta zo maka da jan layinta da takardarta mai fili a ƙasa, ka rabu da kuɗinka kuma ciwon na nan.

Bari in fara da inda kake asara ba ka sani ba, wato wannan 16 ɗin. Abin da kake gani a fuskar kwamfuta daban, abin da ke sauka a takarda daban, kai kuma ka haɗe su. Idan ka ƙara girman harafi, tsayinsa da faɗinsa duka ke ƙaruwa, saboda haka daga 12 zuwa 16 wurin da rubutu ke ci ya kusa ninkawa. Aikin shafi 10 zai koma wajen shafi 18. A ce hedimasta ya kawo maka tambayoyin jarrabawa na yara 200, abin da zai zauna a shafi ɗaya ya tsallaka na biyu. Takarda 200 ke nan ta tafi a banza, alhali rim guda 500 ne a ciki, ban da hodar firinta da man janareta. In jimla kuka yi ciniki, daga aljihunka ta fita. In kuwa kowane shafi da kuɗinsa ne, za ka ga kamar ka ci riba, amma ranar da malamin ya kai irin aikin Ringim aka buga masa a rabin shafukan, ba zai yi maka faɗa ba, ƙafa kawai zai ɗauke. Mutanenmu ba su cika cewa "ka cuce ni" ba, sai dai ka daina ganinsu.

Maganin bai kai minti ɗaya ba. Bar rubutu a 12, ka danne madannin Ctrl ka murza ɗan tayan da ke bayan linzamin kwamfuta, ko ka ja ma'aunin da ke ƙasa ta hannun dama ka kai shi 150 ko 160. Shafin zai ƙara girma a idonka kawai, takarda ba ta san an yi ba. Sannan ka rage hasken fuskar, wanda zai kuma sa batir ya ƙara jimawa, ka juya teburinka yadda hasken ƙofa ba zai riƙa dukan gilashin ba. Akwai masu son mayar da jikin manhajar ya yi duhu, ana yi ta File, sai Account, sai Office Theme. Gwada, in ya yi maka daɗi shi ke nan. Ni dai a shago mai buɗaɗɗiyar ƙofa da rana tsaka ban ga amfaninsa sosai ba, da dare ya fi daɗi. Wasu kuma suna sa wa shafin launin ruwan ƙasa mai haske ta Page Color don ya huta musu ido. Ba laifi, Word ba ya buga wannan launi sai an umarce shi, amma ka leƙa Options, ƙarƙashin Display, ka tabbata ba a yi alama a kan buga launin bayan shafi ba. In an yi, hodar da za ta kai ka wata guda sai ta ƙare a mako. In ka yi duk wannan ido bai daina ruwa ba, to lamarin ya bar hannuna, je asibiti a auna shi, wataƙila tabarau kake buƙata.

Filin da ke ƙasan takarda kuwa, Amurka ce ta bi ka har Gujungu. Yawancin kwamfutocin da ke shigo mana a kan takardar can aka saita su, wadda ake kira Letter, tsayinta milimita 279, faɗinta 216. Wadda kake saya a kasuwa A4 ce, tsayi 297, faɗi 210. Ka ga an sami ratar milimita 18 a tsayi. Shiga Layout, sai Size, sai More Paper Sizes, ka zaɓi A4. Kada ka tsaya nan, nan ne kowa ke tsayawa gobe ya sake fama. A ƙasan akwatin akwai Set As Default, danna shi ka amince. Haka za ka yi wa salon harafi: Ctrl da D, ka zaɓi salo da girma, ka danna Set As Default, ka ce ya shafi duk takardun da za a buɗe nan gaba. Daga ranar, kowane sabon shafi a shirye zai zo.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa. Nan zan ɗan daɗe, don nan ne kake da abin da zai bambanta ka da sauran shaguna.

Abu biyu ne ke faruwa da kai. Akwatin da kake gani yana nufin salon harafin da ka zaɓa ba shi da ƙ ko ɗ a cikinsa. Irin salon nan masu ado da ake so a katin biki su suka fi yin haka, don waɗanda suka zana su ba su san da Hausa ba. Times New Roman da Arial na Windows ɗin zamanin nan suna da su, haka Charis SIL da Andika da Noto, waɗanda kyauta ake sauke su daga intanet. Kafin ka ɗora aiki a kan kowane salo, buga ɓ ɗ ƙ da manyansu ka gani da idonka.

Shi kuwa }asa, tarihi ne da shi. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san waɗannan haruffa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon haruffa masu suna Rabi'at da Abdalla, aka daɗe ana buga littattafai da jaridun Hausa da su. Dabarar irin waɗannan salo ita ce a ari gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba, a zana harafin Hausa a kai. Kai kana ganin ƙ, amma abin da kwamfuta ta adana } ne. Da zarar takardar ta je inda babu salon, sai asiri ya tonu, a ga za~e da ]aya da }asa. Ya yi wa Hausa hidima a lokacinsa, ba mai musun wannan. Yanzu dai kowane harafi ya sami lambarsa ta dindindin da duk kwamfuta da waya suka sani. A Word, buga 0199 ka danna Alt da X tare, zai rikiɗe ya zama ƙ. Lambar ɗ 0257, ta ɓ 0253. Manyan kuma Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. Alamar naira 20A6 ce, ka daina buga N kana neman yadda za ka soke ta.

Ba wanda zai yi ta buga lamba ana layi a ƙofar shago, na sani. Sau ɗaya za ka yi wahalar. Shiga Insert, sai Symbol, sai More Symbols, ka nemo harafin, ka danna Shortcut Key, ka ɗaura shi a kan madannan da hannunka zai saba da su. In wani aiki na kan waɗannan madannan, Word zai nuna maka kafin ka amince. Windows ma na da tsarin madannai na Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe, in ka fi son wannan. Tsofaffin takardunka kuwa, Ctrl da H zai musanya maka duk } da ƙ a bugu ɗaya. Kuma duk aikin da zai bar shagonka a filash ko ta WhatsApp, mayar da shi PDF tukuna, yadda ka tsara shi haka zai isa.

Me ya sa na nace a kan wannan? Dubi abin da ake kawo maka: takardar cinikin gona, yarjejeniyar jingina, katin ɗaurin aure, gayyatar walimar sauka. A Hausa lanƙwasa ɗaya ke raba ƙafa da kafa, ɓata da bata, ƙari da kari. Takardar gona da za a ajiye shekara talatin, a fito da ita gaban dagaci ranar da magada suka sami saɓani, ba wurin da za a bar mai karatu yana cankar abin da ake nufi ba ne. Kuma uban amarya da ya ga sunan garinsu da na 'yarsa sun fito daidai, shi zai turo maka na gaba. Ba sai ka ƙara kuɗi a kan wannan ba, ka bar shi ya zama dalilin da za a wuce wani shagon a zo naka.

Jan layi ba komai ba ne, Word ne ya ɗauka Turanci kake rubutawa kana ta kuskure. File, Options, Proofing, ka cire alamar duba rubutu yayin bugawa, ka mayar da ita ranar da aka kawo takardar neman aiki da Turanci. Tunda kana wurin, shiga Save ka rage lokacin da yake adana aiki da kansa daga minti 10 zuwa 2. Wanda wuta ta taɓa ɗauke masa a shafi na tara ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Wannan saitin da ka ɓata yamma guda kana yi, kaya ne, adana shi kamar yadda kake adana rim. Salon harafi da girman takarda da madannan da ka ɗaura duk suna cikin wani ɗan fayil mai suna Normal.dotm. Danna madannin Windows da R, ka buga %appdata%\Microsoft\Templates, za ka gan shi. Kwafe shi a filash ɗin da ba ya shiga hannun kowa. Shago irin naka, da filash ɗin mutane ke shiga yana fita, ba ya rabuwa da cutar kwamfuta, kuma ranar da mai gyara ya wanke ta tas, mayar da fayil ɗin kawai za ka yi. Sauran saitin da ba ya ciki, irin na jan layi, rubuta shi a bayan littafin bashi. Idan kuma Word ɗinka na damunka da neman lasisi, akwai LibreOffice, kyauta ne, yana buɗe takardun Word, kuma dabarar Alt da X tana aiki a cikinsa.

To kuɗin fa? Ban san shagonka kamar yadda ka san shi ba, don haka ga aikin da zan ba ka. Lahadi huɗu masu zuwa, ranar da kasuwarku ke ci, ajiye takarda kusa da kai. Duk wanda ya shigo ya fita ba ka yi masa aiki ba, rubuta dalili: ba wuta, takarda ta ƙare, firinta ta tsaya, ko layi ya yi masa tsawo. Abin da ya fi yawa a takardar nan shi ya cancanci kuɗin adashinka. Zato na shi ne wuta za ta zo ta ɗaya, kuma in haka ne, batir da faifan sola sun fi maka sabuwar kwamfuta nesa ba kusa ba, don kowace lita ta mai da ba ka saya ba riba ce. Ka kuma ware wani abu ka sayi takarda katan-katan kafin lokacin jarrabawa, maimakon rim ɗaya-ɗaya a hannun ɗan sari na uku. Kada ka zuba duka, bar abin da zai ɗauki gyaran firinta in ta yi maka tutsu ranar kasuwa. In nauyi kwamfutar ke yi wajen buɗewa, sa mai gyara ya musanya ma'ajiyarta da irin wadda ake kira SSD, ya ƙara mata RAM, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, ya busa mata ƙurar hunturu. Kuɗin wannan bai kama ƙafar na sabuwa ba.

Akwai lokacin da zan ce ka saya. In ta fara mutuwa da kanta saboda zafi bayan an share ta, ko gilashin ya fara zane, ko kuma takardar nan taka ta nuna layi ne ke korar mutane. A wannan na ƙarshen ma ba musanya za ka yi ba, ta biyu za ka ƙara, ka zaunar da yaro a kanta ka koya masa. Ranar da za ka je Kano, tafi da filash ɗinka. Sa mai kaya ya zare wayar caji ka ga yadda batir ke sauka, ka buɗe shafi ka taɓa kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, ka kuma sa a rubuta maka a rasit kwana nawa kake da su na mayarwa in ta ba da matsala.