Tsohuwar Kete na ƙarƙashin ruwa

Alhaji, ka tambaye ni ko mu Hausawan Kete Krachi muna da abin nuna wa baƙo, kamar yadda ku Katsinawa kuke kai mutum Gobarau. Gaskiya ba mu da irinsa, don garin kakanninmu ruwa ya ci shi. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya malale tsohon garin, gwamnatin Gana ta tashi mutane zuwa tudu. Masu kwalekwale kan nuna wa mutum wajen da hannu, su ce nan kasuwa take.

Kasuwa kuwa ta amsa sunanta. Gishirin Ada, garin da ke bakin teku, a jirgin ruwa yake haurowa kogin Volta, goro daga Asante, fatake su sauko da shanu da tufafi daga arewa. Yaƙin basasar da aka yi a 1892 a Salaga, babban garin kasuwa da ke arewa da mu, shi ya kwaso 'yan kasuwa ya zube su Kete, garin ya cika. A cikin waɗanda suka dawo nan har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma mawaƙi da Larabci da Hausa, wanda ya yi limanci a nan har ya rasu a 1934. In kana son abin alfaharinmu, to shi ne, ba gini ba.

Abin da ku mutanen gida ba ku cika ganewa ba shi ne zaman zango. Ƙasa ba tamu ba ce. Ta mutanen Krachi ce, da sarkinsu Krachiwura, da tsafinsu Dente da ake tsoro har Kumasi a da. Kete unguwar baƙi ce tun asali, Krachi ta masu gari, Jamusawa suka zo suka kafa barikinsu a gefe. Muna da Sarkin Zango da liman, su ke ɗaura aure, su raba gado, su sasanta rigima, amma maganar fili sai an je gaban masu ƙasa da gaisuwa.

Kuma kada ka ɗauka duk mai jin Hausa a zango Bahaushe ne. Akwai Kotokoli, Zabarmawa, Mosi, Fulani. Sahu ɗaya a masallaci, auratayya ta haɗa mu. Mai sayar maka da koko da ƙosai da safe wataƙila kakarta ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba.

In za ka zo, ka biyo ta Dambai, a can ake tsallake kogin Oti da babban jirgin fito.