Mace shugabar kwamiti: chairman ko chairperson?

Malam, ka ce mace aka zaɓa shugabar kwamitinku, kana tambayar wace kalma za ka sa a wasiƙar Turanci. Ni dai shawarata ka rubuta "chair" kawai. Tsohuwar kalma ce, ta ɗauki namiji da mace. Ita ce kalmar da Janet Yellen ta zaɓa da ta hau shugabancin babban bankin Amurka a 2014.

"Chairperson" kuwa a shekarun 1970 ta yaɗu, kuma ba laifi ba ce. "Chairman", wadda muka mayar ciyaman, har yanzu ana kiran mata da ita, a taro ka ji an ce "Madam Chairman". Amma fa duba tsarin mulkin ƙungiyarku tukuna. Abin da aka rubuta can shi za ka bi a takarda. In babu, tambaye ta wadda take so.