Mai gida a Dublin zai iya ƙara kuɗin haya yadda ya ga dama?

Ɗan'uwa, ka ce mai gidanka a Dublin ya ƙara maka kashi 10 cikin ɗari, kana tambaya ko yana da hurumin haka. A'a, ba shi da shi. Tun ƙarshen 2016 gwamnatin Ayilan ta sa Dublin cikin yankunan da aka ƙayyade ƙarin haya, kuma daga 2021 ƙarin da za a yi wa wanda ke zaune a gida ba ya wuce kashi 2 a shekara, ko gwargwadon hauhawar farashi idan ita ce ta fi ƙanƙanta. Dole kuma ya ba ka sanarwa a rubuce, kwana 90 kafin sabon kuɗin ya fara aiki. Saƙon WhatsApp na "wata mai zuwa ka ƙaro" ba sanarwa ba ne. Ci gaba da biyan tsohon kuɗin a kan lokaci, ka kai ƙara hukumar RTB mai sasanta masu gida da 'yan haya.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan na ga mutanenmu da yawa suna faɗawa: idan ɗaki ka kama a gidan da shi mai gidan yake kwana, wannan dokar ba ta kare ka, RTB ma ba za ta saurare ka ba. Haka kuma idan ya yi wa gidan gagarumin gyara, ba fenti da sabon labule ba, zai iya neman a ɗage masa ƙa'idar. Duba takardar yarjejeniyarka tukuna.