Tambayoyinku: Fita Ruwa Kai Kaɗai da Jirgi Mai Inji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Na sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji a baya, tsawonsa bai wuce mita 5 ba, kuma na kai wata 4 ina fita da shi amma kullum da abokina a ciki. Yanzu aiki ya ɗauke shi, ni kuma gaskiya na saba, in na kwana biyu ban fita ba sai in ji duk ba daɗi. Ina so in fara fita ni kaɗai, mutanen gida sun ce ganganci ne. Na iya iyo sosai tun ina yaro. Shin da gaske ganganci ne ko akwai yadda ake yi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mutanen gida suna da gaskiyarsu da suka ji tsoro, kai ma ba laifi ka yi ba, mutane da yawa suna fita su kaɗai shekara da shekaru suna dawowa lafiya. Amma maganar nan taka ta "na iya iyo" ita ce ta tsaya min a rai, don ita ce take sa mutum ya saki jiki.

Ka ga lokacin da kuke fita ku biyu, in ka zame ka faɗa ruwa abokinka zai rage totur ya juyo ya miƙo maka hannu, iyakar asararka jiƙaƙƙun kaya. In kai kaɗai ne fa? Mota in ka ɗage ƙafa daga totur da kanta take rage gudu, shi kuwa jirgi totur ɗinsa na hannu ne, inda ka ajiye shi nan yake zama ko kana ciki ko ba ka ciki. Ko a sulo yake tafiya mutum mai kaya a jiki ba zai kamo shi da iyo ba. In kuma ya ƙi tafiya miƙe to abin ya fi muni, saboda juyin farfela yana jan injin gefe guda, sai jirgin ya dinga kwana yana zagaye a wuri ɗaya, yana dawowa daidai inda ka faɗa da farfela tana juyawa kamar wuƙa. A watan Mayun 2013 irin wannan ya faru a kusa da Padstow a Ingila, iyali guda su 6 jirgi ya watsar da su a kwana, ya ci gaba da zagaye a kansu, uban da ƙaramar 'yarsa suka rasu, wasu suka ji munanan raunuka. Da aka yi bincike an gano igiyar kashe inji ba ta ɗaure a jikin mai tuƙin.

Wannan igiyar ita ce abu na farko. Ja ce galibi, a nannaɗe kamar wayar tarho irin ta da, bakinta ɗaya yana maƙale a makunnin inji, ɗayan kuma a jikinka, da zarar ka bar wurin tuƙi sai ta fizge inji ya mutu nan take. Ka ɗaura ta a ƙafarka saman gwiwa ko a zoben rigar ceto, kar ka sa a wuyan hannu don tana iya zamewa ko ta sarƙe da sitiyari. Duk ranar da za ka fita, tun kana bakin ruwa ka tada inji ka fizge ta da gangan ka ga ya mutu. Rana tana cinye ta, in ka ga ta saki ko ta fara tsagewa ka canja, kuma ka ajiye wata a cikin jirgi. A Amurka tun 1 ga Afrilun 2021 doka ta wajabta ɗaura ta a jiragen da tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba in suna cikin gudu. Wallahi ina baƙin ciki in ga mutum ya rataye ta a jikin totur tana lilo, abin da zai ceci ransa yana gabansa bai ɗaura ba.

To inji ya mutu, kana cikin ruwa, jirgi yana can gefe. Saura hawa, kuma nan ne yawancin mutane ba su taɓa gwada kansu ba. Ni na gwada, wata rana ruwa a kwance ba iska, wani yana tsaye a gaɓa yana kallona, na shiga da kayana da rigar ceto na ce bari in hau. Na kama gefen jirgi, robar tana da santsi, na yunƙura ƙirjina ya kai baki sai ƙafafuna suka shige ƙarƙashin jirgin, na sake yunƙurawa rigar ta maƙale, a karo na huɗu hannuwana rawa suke yi ba ƙarfi ko kaɗan. Daga cikin jirgi gefen nan bai kai gwiwa ba, daga cikin ruwa kuwa sai ka ga kamar katanga. Tun ranar na sa tsani a baya wanda zan iya janyo shi ƙasa ina cikin ruwa, don tsanin da yake ninke a cikin akwati ba shi da amfani ga wanda ya riga ya faɗa. Kai ma ka je ka gwada naka kafin ka fita kai kaɗai, da wani a kusa, inji a kashe. Ka kuma sani iska tana tura jirgin da ba kowa a ciki da sauri fiye da yadda take tura mutumin da kansa kawai ke waje, in ta yi ƙarfi ko inji a mace yake zai iya yi maka nisa.

Sai rigar ceto, kuma a jiki nake nufi, a ɗaure, tun kafin ka sa ƙafa a jirgi. Rahoton da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka take fitarwa duk shekara kusan magana ɗaya yake maimaitawa, wajen kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka mutu a haɗarin ƙananan jirage nutsewa suka yi, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse ba riga a jikinsu. Iya iyo yana amfani ne in kana cikin hayyacinka, wanda kansa ya bugu da gefen jirgi lokacin faɗuwa ba ya iyo. Shi ya sa in za ka saya ka duba lambar da ke jiki mai nuna ƙarfin ɗaga mutum a ruwa, akwai mai 50N, 100N, 150N da 275N, mai 150N ita aka yi don ta juyo da wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. Ka nemi mai igiya ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba tana iya haurowa ta rufe maka fuska. In mai hura kanta ce ka dinga buɗewa kana duba 'yar tukunyar iskar, ko ta kwance ko ta yi tsatsa. In kuma ruwan da kake shiga mai sanyi ne, ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius, to minti na farko numfashi yana ƙwace wa mutum ya shaƙi ruwa ba da son ransa ba, cikin minti 10 kuma yatsu su daina kama abu, gwanin iyo da ɗan koyo duk ɗaya ne a nan.

Yawancin faɗawa ruwa ma a kan ƙananan abubuwa ne, mutum ya miƙe zai ɗauko igiya, ko ya leƙa baya leda ta naɗe farfela, ko ya tsaya a gefe zai kama ruwa sai taguwar wani jirgi ta zo ta girgiza shi. Ka ɗaukar wa kanka doka, ba barin wurin tuƙi sai giya tana firi, ba taɓa farfela sai inji a kashe makulli a aljihu, hannu ɗaya kullum yana riƙe da jirgi, kama ruwa kuma a bokiti daga ciki. Abin maye ko kusa, rahoton nan da na ambata shi yake sawa a sahun gaba cikin sanannun dalilan haɗarin da ake rasa rai. In ka yi waɗannan, ka fara da rana tsaka, ranar da hasashen yanayi ya nuna ba iska, kusa da gaɓa inda ka sani, awa ɗaya ko biyu ka dawo, to ni ba zan kira shi ganganci ba.

TAMBAYA: Malam ni wayata ba ta jin ruwa kuma tana da taswira, ai ta isa ko? Na ga rediyon jirgi kamar kayan da ne.

AMSA: Ba ta isa ba ɗan'uwa. Sabis yana ɗaukewa da ka yi nisa da gaɓa, jiƙaƙƙen gilashi ba ya jin yatsa, sannan waya mutum ɗaya take kira. Rediyon VHF kuwa in ka yi magana a tasha ta 16 duk jirgin da ke kusa da masu aikin ceto suna ji lokaci guda, kuma sau da yawa na kusa da kai shi zai fara isowa. In rai na cikin haɗari ka ce Mayday sau 3, ka faɗi sunan jirgi, inda kake, abin da ya faru da yawan mutanen da ke ciki. Ka sayi ƙarami irin oba-oba wanda ba ya nutsewa ka maƙala a rigarka tare da usur, don wanda aka ɗaure a jikin jirgi tare da jirgin zai tafi. Ƙasashe da yawa sai da lasisi ake amfani da shi, ka tambayi hukumar da abin ya shafa a inda kake. Wayar ma ka tafi da ita, a jakar da ruwa ba ya shiga, ita ma a jikinka.

TAMBAYA: Salam Malam. Maigidana yana fita kamun kifi da jirginsa shi kaɗai tun asuba, wani lokaci sai dare, in na tambaya ina za shi sai ya ce "ruwa" kawai. Hankalina ba ya kwanciya, ni me zan iya yi daga gida? Daga wata baiwar Allah.

AMSA: 'Yar'uwa damuwarki a kan hanya take, kuma akwai babban aikin da ke kaɗai za ki iya yi. Masu ceto abin da ya fi ba su wahala shi ne a ce musu wane ya fita bai dawo ba, ba a san inda ya nufa ba, ruwa kuma faɗi gare shi. Ki lallaɓa shi cikin daɗin rai, duk fita ya bar miki rubutu ko saƙo, daga ina zai tashi, wane ɓangare zai je, ƙarfe nawa zai dawo, sannan ku yi yarjejeniya a kan lokaci na biyu, wato in ƙarfe kaza ta yi ba ki ji shi ba za ki kira masu ceto ba tare da jiran kowa ba. Ki ajiye hoton jirgin a wayarki, launinsa, tsawonsa, lambarsa in yana da ita, irin injin, da lambar motar da yake bari a bakin ruwa. Shi kuma in ya canja shawara a can ya sanar da ke, in ya fito ya kira kafin ya fara ɗaure kaya. In lokacin ya cika ki kira, kar ki ji kunyar wai za a ce kin tada hankalin mutane a banza, neman mutum da sauran haske ya fi nemansa cikin duhu nesa ba kusa ba.

In da hali ku nemi 'yar na'urar nan da ake kira PLB, girmanta bai fi tafin hannu ba, ana maƙala ta a rigar ceto. In aka danna tana aika saƙo a zangon 406 MHz zuwa taurarin ɗan adam na tsarin Cospas-Sarsat, su kuma su miƙa wa cibiyar ceto tare da inda mutum yake, batirinta yana ɗaukar aƙalla awa 24 yana aikawa, kuma ba ruwanta da sabis ɗin waya. Amma a yi mata rajista, a sa lambarki a matsayin wadda za a fara kira.

TAMBAYA: Abin da nake tsoro shi ne inji ya mutu min a tsakiyar ruwa ba kowa. Me zan fara yi?

AMSA: Kafin ka taɓa inji ka dubi inda iska da ruwa suke kai ka. In wajen duwatsu ne ko hanyar manyan jirage, ka saki anga tukuna in zurfin ya ba da dama, daga goshin jirgi, kar ka kuskura ka ɗaura ta a baya don nan ne nauyin inji yake kuma nan taguwa take shigowa ta cika ƙaramin jirgi. Igiyar ka sake ta kamar ninki 5 zuwa 7 na zurfin ruwan, gajeriyar igiya ba ta barin anga ta kama ƙasa. In ka tsaya wuri ɗaya sai ka nutsu ka bi abubuwa masu sauƙi, don galibi a nan matsalar take, igiyar kashe inji ta ɗan zame daga mazauninta, ko giya ba ta firi, ko 'yar ƙofar iskar da ke kan murfin tanki a rufe take, ko tiyon mai ya saki, ko kan batir ya kwance. Ka matsa robar famfon mai har ta yi tauri sannan ka sake gwadawa. In ya tashi ka leƙa baya ka ga siririn ruwan nan da inji yake fitarwa, in babu shi ka kashe, wani abu ya toshe mashigar ruwan sanyaya shi, sau da yawa leda ce ko ciyawa.

Maganar mai kuwa tun daga gaɓa ake gyara ta, ka raba abin da ke tanki gida 3, kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi, saboda dawowa kana fuskantar iska da taguwa tana shan mai fiye da tafiya. Ka buɗe tanki ka gani da idonka, allurar mai ta ƙananan jirage tana rawa da motsin ruwa. Filafili ɗaya, bokitin kwalfe ruwa, tocila da ruwan sha su zauna a jirgin kullum. In ka bi duk wannan bai tashi ba, ka kira tun rana tana sama, ka karanta musu lambobin inda kake daga GPS a hankali sau biyu, ka zauna a ƙasan jirgi da rigarka a ɗaure har su iso.