Ga ƙanwata ta Bajoga: abin da lambuna ya ba ni bana

Ƙanwata, kin tambaya ko mu Hausawan Sudan har yanzu muna shuka kayan miya irin na gida, ko kuwa mun koma ful (wani irin babban wake) da burodi kamar Larabawa. Na san ba da wata manufa kika yi ba, amma wallahi tambayar nan tana sosa mana rai. Bari in gaya miki abin da lambun bayan ɗakina ya ba ni a daminar bana.

Ƙasarmu a nan yankin Sinnar baƙar laka ce. Da bazara takan tsage har ƙafar yaro ta shige, da damina kuma ta riƙe ruwa ta ƙi saki. Duk abin da ba a yi wa kunya mai tudu ba, ruwan Agusta zai ruɓar da shi. Haka kabewata ta tafi, saiwar ta ruɓe tun 'ya'yan ba su kai girman dunƙulen hannu ba. Tumatir ma ba ya ƙaunar daminarmu, farin ƙuda kan sauka masa, ganyen ya nannaɗe, ya tsaya cak. Kuɓewa ce ta fitar da ni kunya. Na yi ta tsinka ina yankawa ina shanyawa a tabarma, yanzu ina da busasshiya da za ta kai mu wata daminar in Allah ya yarda. Lalo kuwa ba na ma shuka shi, da kansa yake fitowa.

Yakuwa ce zan daɗe a kanta. Maƙwabtanmu jan furen suke so, su jiƙa su sha, su sayar. Mu har ganyen muna miya da shi, 'ya'yan kuma ba ma zubarwa. Babu ɗorawa a nan, don haka da su muke daddawa, daddawar batso. A dafa su har su yi laushi, a daka, a zuba ruwan toka, a rufe a tukunya kwana da kwanaki har warin ya cika tsakar gida, sannan a shanya. Kakata ce ta koya mini. Takan ɗaura tsohon zane, ta zauna a kan turmin da aka kifa, ta buɗe tukunyar ta sansana, in bai yi mata ba ta mayar da murfi ba tare da ta ce uffan ba. Har ta rasu ba ta yarda an sa mata dunƙulen kanti a miya ba.

Ke da kike Bajoga, ai Burmi na nan kusa da ke. A can Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin da ake kira Mai Wurno har gobe. Namu kakannin daga baya suka biyo hanyar, a ƙafa, da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare, an gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira na neman hannu, sai suka tsaya. Daga ƙasarku muka fito, ƙanwata, shi ya sa in ɗan Gombe ya ce mana "ai ku kun zama Larabawa" abin yake mana zafi fiye da in wani ne ya faɗa.

Maganar aure kuma, tunda na san nan za ki je. E, muna aure da Larabawa. Matar ɗana Balarabiya ce, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Ta iya tuwo da miyar kuka, ni ma na koyi kisra, wata siririyar gurasar dawa, a hannunta. Jikokina Larabci ke fara zuwa bakinsu, wannan gaskiya ne, kuma yana damuna. Amma in na kira su da Hausa suna amsawa, suna durƙusawa su gaishe ni. Ku a can kuna ganin mun yi nisa, a nan kuma akwai masu ce mana baƙi bayan shekara fiye da ɗari. A 2022 an zubar da jinin Hausawa a jihar Shuɗin Nilu kan rikicin ƙasa. Ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya sa kasuwa ta yi wuya, iri ya yi tsada, man injin ban ruwa ya gagari talaka. Gidaje da yawa ɗan lambun bayan ɗaki ne ya riƙe musu tukunya.

Yanzu sanyi na tafe, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ku kuke noman rani a Dadin Kowa. Shi ne lokacin lambu na gaske a wurinmu. Na riga na yafa irin albasa, in ta kai tsawon ɗan yatsa biyu zan dasa. Tumatir zai koma inda kuɓewa ta tashi, bayan na tuge karan na ƙone, na zuba takin awaki. Surukata ta roƙi kwami biyu na jarjir, ganyen da suke ci ɗanye da gishiri da lemun tsami, wata guda ya isa a fara yanka. Na ba ta na kusa da randa don ban ruwa ya yi mata sauƙi. Ta so mu gwada ful, na ce a'a, wannan sai arewa wajen Dongola inda sanyi ke daɗewa, a nan zafi zai riske shi yana fure. Masu fili a gaɓar kogi sun fi mu sa'a, ruwa ya janye ya bar musu danshi da sabuwar laka, su sai dai su soka iri kawai.

Abin da na rasa shi ne tattasai da attaruhu irin naku. Barkonon nan ƙanana ne, zafi kawai, babu ƙanshi. In hanya ta yi kyau kika sami mai zuwa, ki ƙulla mini iri a takarda, ki rubuta sunan kowanne a jiki don kada su cakuɗe. Ki gaishe mini da su Inna da yara.